Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Cikin Gida Kan Wahalar Gyaran Katin Ɗan Ƙasa

Mai girma Minista, Dakta Olubunmi Tunji-Ojo,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wahalar da talakawa ke sha wajen gyaran suna ko shekarun haihuwa a lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Kai na nufa da wannan kuka saboda tun 2023 Hukumar Katin Ɗan Ƙasa, NIMC, ta dawo ƙarƙashin ma'aikatarka, kuma mun ga abin da ka yi da fasfo sama da 200,000 da suka maƙale, aka fitar da su cikin 'yan makonni bayan ka kama aiki. Tun daga lokacin muka gane cewa jinkirin ofisoshin gwamnati ba ƙaddara ba ce, gyara yake nema. Sai dai masu neman fasfo 'yan ƙalilan ne. NIN kuwa ta shafi kowa, har da tsohuwar da ba ta taɓa wuce garin kasuwarsu ba.

Gwamnati ce da kanta ta mai da wannan lamba mabuɗin kowace ƙofa. A watan Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa ta da layin waya, mutane suka yi cincirindo a ofisoshi ana tsakiyar annobar korona. A 2021 JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta wajabta ta ga masu zana jarrabawa. A watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce har ƙananan asusun ajiya sai da ita ko BVN, wato lambar tantance masu asusun banki. A watan Yulin 2024 aka sake toshe layuka, jama'a suka cika ofisoshin kamfanonin waya, har Hukumar Sadarwa ta ce a buɗe. Yau ɗalibi ba zai samu bashin karatu ba sai da ita, maniyyaci ba zai samu fasfo ba sai da ita. Ba mu ƙi ba. Mu da masu garkuwa ke kiran 'yan uwanmu ta waya suna cinikin rayuka, mun fi kowa son a san mai kowane layi. Amma duk abin da hukuma ta tilasta wa jama'a, nauyi ne a wuyanta ta sauƙaƙa musu shi.

Ranka ya daɗe, tushen matsalar a wajenmu shi ne suna. Fom ɗin rajista yana neman sunan iyali, sunan farko da na tsakiya. Bahaushe kuwa ba haka yake suna ba. Sunansa ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci sai na garinsu ko unguwarsu. Yaro zai shiga firamare a rubuta masa sunansa da na uba, ya je sakandare a ƙara masa sunan gari saboda masu irin sunansa sun yi yawa a aji, ya je banki a juya, sunan uba ya koma gaba. Mace a takardar makaranta tana da sunan mahaifi, a katin asibiti tana da sunan miji. Ga kuma rubutun kansa. Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Muhammed duk mutum ɗaya ne a gida, amma mutum huɗu ne a kwamfuta. A'isha takan koma Aishat ko Aishatu gwargwadon hannun da ya buga. Sa'idu da Rabi'atu sukan rasa alamar da ke tsakiyar sunansu. Yawancin waɗanda aka yi wa rajista a ƙauye da baki suka faɗi sunansu, ma'aikaci ya rubuta yadda kunnensa ya ji, cikin sauri, ga layi har bakin titi. Ba a karanta musu abin da aka rubuta ba, kuma da yawansu ba sa karatun boko balle su duba silip ɗin.

Haka shekarun haihuwa. An haifi dattawanmu da yawa a gida, ba takarda. In ka tambaye su sai su ce shekarar da aka yi yunwa, ko lokacin sarki wane. Ma'aikaci ya ƙiyasta, ya sa 1 ga Janairu. Wani ma'aikacin a banki ya yi nasa ƙiyasin daban. Bayan shekaru sai a ce wa tsoho bayanansa ba su yi daidai ba, an riƙe masa kuɗinsa.

Daga nan ake fara je-ka-ka-dawo. Banki zai ce ba daga wajensu ba ne, a je a gyara NIN. Can kuma a ce sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu. In shekaru ne, sai an je Hukumar Ƙidaya an karɓo shaidar haihuwa. A je kafe, wato shagon intanet, a cika fom, a biya kuɗi ta intanet, a dawo a ce netwok ya ɗauke. Gobe a ce wanda zai sa hannu ba ya nan. In Allah Ya sa gyaran ya fito, sai a koma banki a tarar har yanzu tsohon sunan suke gani, a ce a jira ya hau. Hukumomin nan duk na gwamnati ɗaya ne, ko kuma gwamnati ce ke sa musu ido, amma ba sa magana da juna. Talaka ne ke yawo da takardu a leda daga wannan ƙofa zuwa waccan, da kuɗin motarsa, da yunwarsa, ya bar gona ko rumfa a rufe.

Na zauna kusa da wata dattijuwa a wani ofishi, ta fito daga ƙauye tun bayan sallar asuba don harafi ɗaya a sunan mahaifinta. Bayan azahar aka leƙo ta taga aka ce a watse, sai wani makon. Da ta matsa ta yi bayani cewa kuɗin motar ma rance ta yi, ba a ko ɗago kai an dube ta ba. Ta girmi duk wanda ke cikin ofishin.

Sai maganar kuɗi. A watan Mayun 2025 aka ƙara kuɗin gyaran ranar haihuwa zuwa naira 28,574. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, wato gyara ɗaya ya cinye sama da kashi ɗaya bisa uku na albashin wata, kafin a zo kuɗin kotu, kuɗin kafe da kuɗin mota. Na fahimci cewa akwai masu rage shekaru don neman aiki ko tsawaita zama a ofis, kuma dole a toshe musu hanya. Amma wane adalci ne a ci tarar mutum kan kuskuren da hannun ma'aikaci ya yi? Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a gyara masa bayanansa in ba daidai suke ba. Haƙƙin da sai mai kuɗi ke iya kaiwa gare shi bai isa ga mutanen da nake magana a kansu ba.

An buɗe shafin da mutum zai yi gyara da kansa ta waya, kuma ga mai babbar waya da ilimin boko wannan ci gaba ne. Manomin da ke riƙe da ƙaramar waya, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, shi dole ya miƙa lambarsa, hotonsa da duk sirrinsa ga yaron kafe. A nan 'yan tsakiya suka samu kasuwa. Suna tsaye a bakin ƙofa suna cewa a kawo na goro a gama yau, kuma sau da yawa aikin nasu yakan fito kafin na wanda ya bi layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk lokacin da hanyar gaskiya ta yi tsawo, hukuma ce ke tura mutane hannun waɗannan, sannan ta dawo tana gargaɗin a guje su.

Ba na ɗora laifin duka a kan ƙananan ma'aikata. Akwai na kirki a cikinsu, masu aiki da kwamfuta ɗaya a ɗaki mai zafi, babu wuta, babu man janareta, mutum ɗari na yi musu magana lokaci guda. Amma rashin kayan aiki bai hana amsa sallama ba, bai hana a ce wa dattijo "Baba, yi haƙuri, ga abin da ya faru" ba. Tun 2004 gwamnatin Obasanjo ta kafa SERVICOM don kowace ma'aikata ta bayyana aikin da za ta yi wa jama'a da lokacin da zai ɗauka. A 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin da ya ce hukumomi su wallafa sharuɗɗansu, kuɗinsu da wa'adinsu. Takardun suna nan. Abin da babu shi ne hukunci ga wanda ya saɓa.

Roƙona na farko, kuma shi ne mafi girma: duk kuskuren da ya fito fili na bugawa ne, harafi ya faɗi ko suna ya juye, a gyara shi kyauta, ba kotu, ba rantsuwa. A zaunar da masana harsunanmu su haɗa jerin sunayen da rubutunsu kawai ya bambanta, don kwamfuta ta daina raba Muhammad da Mohammed in hoton yatsa ɗaya ne. Ai saboda haka aka ɗauki hoton yatsun. In an yi gyara a NIMC, ya isa banki, kamfanin waya da JAMB ba tare da mutum ya sake taka ƙafa ba. A ba duk wanda ya shigar da buƙata rasit mai ɗauke da ranar da aikinsa zai fito, da lambar waya wadda in an kira za a ɗauka a amsa da Hausa, Fulfulde ko Kanuri. A liƙa farashi da jerin takardun da ake nema a bakin ƙofa, a sanar a gidajen rediyo, don kada mutum ya biya kuɗin mota ya zo a ce masa takarda ɗaya ta rage. A kowace sakatariyar ƙaramar hukuma a ajiye teburi ga marasa babbar waya, da benci da inuwa, a fara sallamar tsofaffi, masu juna biyu da masu naƙasa. Sabbin masu rajista kuma a karanta musu abin da aka rubuta da harshensu kafin a tura.

Ina kuma roƙon ka turo mutanenka ba tare da sanarwa ba, ba jiniya, su bi layi a wata ƙaramar hukuma ta Jigawa, Yobe ko Kabi ranar kasuwa, su rubuto maka ƙarfe nawa aka buɗe, mutum nawa aka sallama, nawa aka ce su dawo, da nawa aka nema a hannunsu. Sannan ka fito ka faɗa wa 'yan ƙasa wa'adin da ka ɗibar wa hukumar, kamar yadda ka yi a kan fasfo.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Jihar Jigawa