Sanarwa: Ziyarar Gidan Tarihi na Kanta

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu da ƙannenmu na wannan zaure.

In Allah Ya yarda, ranar Asabar mai zuwa za mu kai yara Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Mota za ta tashi daga Birnin Kebbi ƙarfe 8 na safe, ba jiran kowa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ginin tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce. An gina ta a 1831, sarakuna suka zauna a ciki har 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka mayar da ita gidan tarihi. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da layun yaƙi, da tambura. Kaburburan sarakuna ma suna nan, don haka a ja wa yara kunne, ba wurin guje-guje ba ne. Abin kunya ne a ce ɗan Kebbi ya san gasar kamun kifi a Matan Fada amma bai taɓa leƙa wannan gida ba.

Kowa ya taho da ruwan sha. Mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan yaransa a nan kafin Alhamis da daddare, a kuma miƙa wa ma'aji kuɗin mota.