Wasiƙa daga Columbus: Ranar Asabar a gwanjon ƙofar gareji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu karatu, musamman 'yan'uwanmu sabbin zuwa Amurka, da waɗanda ke yawan tambayata yadda rayuwa take a nan. Ina zaune a Columbus, babban birnin jihar Ohio, wanda ƙidayar 2020 ta nuna mutanensa sun haura 900,000. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. In mutum ya ce in kwatanta masa garin nan, ba na tura masa hoton dogayen benayen tsakiyar gari. Nakan ce masa in Allah ya kawo shi, mu yi sammako ranar Asabar mu bi gwanjon ƙofar gareji, ya gane wa idonsa.

Da zarar sanyi ya sassauta a watan Afrilu ko Mayu, har zuwa wajen Oktoba, sai a fara ganin kwalaye liƙe a turakun bakin titi, an rubuta adireshi da alƙalami mai kauri, an zana kibiya. Mai gida ya ɗaga ƙofar garejinsa, ya jera tebura a hanyar shigar mota, ya baje duk abin da ya gaji da gani a ɗaki: tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, tukwane, kekuna, littattafai, injin yankan ciyawa, shebur ɗin kwashe dusar ƙanƙara. Kowane kaya da 'yar takardar farashi a jikinsa, santi 50, dala 1, dala 5. Galibi ana farawa ranar Juma'a da misalin takwas na safe, a tashi da azahar ranar Asabar. Wasu kan rubuta cewa kada kowa ya zo kafin lokaci, don akwai 'yan sari masu dira tun da duku-duku su kwashe na kirki su je su sayar a intanet.

Kayan suna da yawa ne saboda gidajen sun ƙara girma. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta ƙasar sun nuna matsakaicin sabon gida a 1973 ƙafa murabba'i 1,660 ne, zuwa 2015 ya kai 2,687, alhali mutanen da ke cikin kowane gida raguwa suka yi. Ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga gareji, wasu har da ɗakin ajiya na haya da ake biya duk wata. A gidaje da dama da nake aiki, motar mai tsada ce ke kwana a waje cikin ƙanƙara, garejin kuwa cike yake da kwalayen da ba wanda ya tuna abin da ke ciki.

Amma ba arahar kaya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Mutanen nan ba sa buɗe ƙofa. Kina iya shekaru da maƙwabciya, gaisuwarku ba ta wuce ɗaga hannu daga cikin mota. Ranar gwanjo ce kaɗai za ki same ta zaune a kujerar naɗewa a ƙofar gida, da kofin shayi, tana jiran wanda zai tanka mata. A kantin Amurka ba a ciniki, a nan kuwa ana yi. Ki taya, ta ce a ƙara, ku daidaita, kafin ki ankara ta ba ki labarin jikokinta.

A unguwar Hilltop da ke yammacin gari na tarar da wani dattijo ya baje kayan aikin hannu a kan tsohon bargo, sifanu daga ƙarami zuwa babba, an goge kowace da mai tana ƙyalli. A gefe ga rigar aiki mai tambarin ƙungiyar ƙwadago a rataye, ba farashi a jikinta. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, fito da ita ya yi ta sha iska. A masana'antar kayan mota ta titin Georgesville ya yi aiki har ya yi ritaya. An rufe ta a 2007, yanzu gidan caca ne a filin. Na sayi kaskon baƙin ƙarfe na marigayiya matarsa dala 4. Bai miƙo mini ba sai da ya koya mini yadda ake shafe shi da mai a gasa a tanda don kada ya yi tsatsa, ya kuma sa na maimaita masa. Na daɗe ina wuce gidan cacar nan a bas ban san mutane sun taɓa cin abinci da guminsu a wurin ba.

Haka na koyi garin, unguwa bayan unguwa. A Upper Arlington da Bexley da Dublin, inda masu hali suke, za ka ga sandunan wasan golf, injin motsa jiki da ba a mora ba, rigunan yara da takardar kanti har yanzu a wuyansu. A Clintonville littattafai ne da faifan garmaho da tukwanen fulawa. A Northland, wajen titin Morse, inda Somaliyawa da 'yan Nepal da aka koro daga Bhutan da mutanenmu na Afirka ta Yamma suka cika, manyan tukwane da darduma ake nema, kuma cinikin ya fi zafi. Abu ɗaya da ba ya ɓacewa a kowane tebur, na mai kuɗi da na talaka, shi ne jar riga mai ruwan toka ta ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Jihar Ohio. In kaka ta yi kuma akwai wasa ranar Asabar, sai ka ga an kwashe tebura da wuri, tituna sun yi tsit.

A Linden da wasu sassan Hilltop abin ya sha bamban. A can ba don a rage cunkoson ɗaki ake gwanjo ba. Ka duba lokacin, ƙarshen wata ne, ka duba kayan, talabijin ce da ake kallo jiya da na'urar dumama abinci da ke aiki lafiya ƙalau. Kuɗin haya ake haɗawa. A irin wannan ƙofar ba na tsananta tayi, kuma ina roƙon 'yan'uwa su lura da wannan bambanci. Dala 2 da za ki danne wa matar da ke neman cikon haya ba riba ba ce.

Wani kwalin gwanjo ne ya taɓa kai ni Hanford Village a gabashin gari, 'yar unguwar baƙaƙen fata da aka gina wani ɓangarenta a 1946 don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ciki har da baƙaƙen fata matuƙan jiragen yaƙi da aka horar a garin Tuskegee. A shekarun 1960 aka ratsa babbar hanyar I-70 ta tsakiyarta, aka rushe gidaje. Tsohuwar da ke sayar da labule a ranar ta nuna mini da yatsa inda gidajen ƙawayenta suke a da. Motoci ne ke gudu a wurin.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne gwanjon gidan mamaci. Shi ba a gareji ake tsayawa ba, gidan ne gaba ɗaya. Magada su ɗauko kamfani ya sa wa komai farashi ya ɗauki kasonsa, a raba wa masu saye lamba a ƙofa da safe, a riƙa shiga rukuni-rukuni, rana ta ƙarshe a rage rabin kuɗi. Na shiga wani a Westerville. Tabarau na nan a kan tebur kusa da gado, dala 1. Sandar dogarawa a jingine a bango, dala 3. A kicin ga kwalaben kayan yaji an yi amfani da rabi, su ma da farashi. Baƙi na buɗe durowa suna ɗaga zannuwan gado suna dubawa. A ƙasan wani tebur na ga kwalin takalmi cike da hotuna: amarya da ango, jariri a bahon wanka, yaro cikin kakin soja, wata mata tana dariya kusa da sabuwar mota. Dala 5 duka kwalin. Na juya bayansu ɗaya bayan ɗaya, babu suna ko guda.

Ban ga laifin 'ya'yan ba, don aikina ya nuna mini yadda abin ke zuwa. Ɗa yana California, 'ya tana Texas, kowa da aikinsa da ƙaramin gidansa, hutun mako guda aka ba su. Kuɗin gidan kula da tsofaffi kan cinye abin da iyaye suka tara, sai an sayar da gidan da sauri. Ba rashin imani ba ne. Duk da haka na fita daga gidan nan jikina a sanyaye, domin 'ya'yanmu da muke haifa a nan su ma haka aiki zai warwatsa su. Shi ya sa nake kira ga iyayenmu da ke zaune a ƙasar nan su rubuta sunaye a bayan hotuna, su ba da abin da suke son bayarwa da hannunsu tun suna da rai, su kuma rubuta wasiyya a wurin lauya. Wanda ya rasu a Ohio ba wasiyya, dokar jiha ce za ta raba dukiyarsa, kuma rabonta ba irin na Musulunci ba ne. Mutanenmu da yawa ba su san wannan ba.

Ga sabbin zuwa kuma, don Allah kada kunya ta sa ku cika ɗaki da sabbin kaya a kan katin bashi mai kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin 100. Likitoci da malaman jami'a na haɗuwa da su a bakin teburan nan, ba wanda ke kallon wani. Da 'yan daloli za ki haɗa wa yara rigunan sanyi, ki samu tebur da kujeru na katako mai kyau. Sai dai a kula. Dokar da majalisar ƙasa ta yi a 2008 ta hana sayar da kayan da aka janye daga kasuwa saboda haɗari, ko da a ƙofar gida ne, amma ba jami'in da ke bin gareji-gareji yana dubawa. Gadon jariri mai gefen da ke zamewa ƙasa an haramta shi tun 2011 saboda jarirai sun mutu a cikinsa, har yau kuwa ina ganinsa. Kujerar yaro ta mota tana da ranar ƙarewar aiki a jikinta, kuma ba ki san ko ta taɓa shiga haɗari ba, gara ki sayi sabuwa. Tsofaffin kayan wasa masu fenti na kafin 1978 na iya ɗauke da dalma. Katifa da kujerar kushin kuwa ni ba na taɓawa, don kuɗin cizo ya addabi biranen Ohio, in ya shiga gida sai an kashe ɗaruruwan daloli. A tafi da canji, takardun dala 1 da dala 5, ko da yake wasu yanzu suna karɓar kuɗi ta waya.

Akwai masu yawon nan da fatan dace. Wani kwanon tangaran na ƙasar Sin da aka saya dala 3 a irin wannan gwanjo a 2007, kamfanin gwanjon kayan tarihi na Sotheby's ya sayar da shi sama da dala miliyan 2 a New York a 2013. Allah ya ba mai rabo. Ni dai mutanen nake zuwa gani.

Wanda ke son ganin abin a babban fage ya jira farkon Agusta. Tun 1987 ake yin wani gwanjo a gefen hanya mai lamba 127, daga Alhamis zuwa Lahadi, tsawon mil 690 daga Addison a jihar Michigan har Gadsden a Alabama, ya ratsa jihohi shida. A Ohio yana bi ta yammacin jihar, ta garuruwa irin su Van Wert da Celina da Greenville, inda manoma ke baje kaya a bakin gonakin masara. Bana ni da maigidana muna shirin kai yara in Allah ya nuna mana, kuma akwai wuri a motar ga duk 'yar'uwar da ba ta daɗe da zuwa ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Mai karanta jaridarku daga Columbus, jihar Ohio, Amurka