Waya iri ɗaya, farashi daban-daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda ake kwatanta farashin kaya tsakanin ƙasashe.

A ɗauki waya iri ɗaya. A Amurka kuɗin da aka manna a jikinta bai haɗa da haraji ba, sai ka zo biya a ɗora maka na jiha. A jihar Oregon ma babu shi. A Birtaniya harajin VAT kashi 20 cikin ɗari yana ciki tun farko, a Hangari kashi 27. Ga kuɗin fito, ga canjin kuɗi. Tarayyar Turai kuma ta wajabta garantin shekara 2, mai sayarwa ke ɗaukar nauyinsa, amma yana iya ɗora kuɗinsa a kan farashin kaya.

To amma bayan an cire duk wannan, sau da yawa akwai saura, kuma sauran nan ne ke ƙona mini rai. Inda babu gasa, kamfani na yanka farashin da ya ga dama. Shi kansa VAT bai san lebura ba, bai san attajiri ba, kuɗi ɗaya suke biya.

Ina kira ga hukumomin kare masu saye su tilasta a rubuta haraji daban a jikin kaya da rasit.

Naku,
Mai karatu