Wasiƙa ga abokan cinikinmu masu kiwon kifin teku da murjani a gida

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, da samarin da ke cika mana shago ranar Asabar, muna gaishe ku, da fatan iyali suna lafiya. Mun kawo sabon tsari, kuma mun san ba kowa zai ji daɗinsa ba: daga yanzu ba za mu sayar wa mutum kifin teku ko murjani mai rai a ranar da ya sayi tanki ba. Sai tankin ya yi mako 4 zuwa 6 yana aiki, an ɗebo mana ruwansa a kwalba mun auna. Awon kyauta ne.

Ga dalili: kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta numfashi da kashi, abincin da ya ruɓe ma haka, ita kuwa guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a jikin dutse da yashi, su ke mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai sun hayayyafa, kuma kuɗi ba ya sa su sauri yadda mai tanki yake so. Ruwa zai yi garau kamar a sha, amma kifi ya kwana biyu ya mutu. Sai awo ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili sannan a fara zuba rai, shi ma kaɗan-kaɗan. A tsakani za ku ga gansakuka mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Kada ku zubar da ruwan, takan wuce da kanta.

Batun ruwa kuwa, a nan aka fi yi mana gardama. Ruwan burtsatse da na famfo da na 'yan garuwa duk ba sa yi, domin suna ɗauke da narkakkun abubuwa da ido ba ya gani, irin su fosfet da naitiret da sinadarin kulorin. Fiya wata ma ba mu yarda da shi ba, yau ka auna ka ga daban, gobe daban. Abin da ake buƙata shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO/DI mai cire waɗannan narkakkun abubuwa, wanda ma'auninsu zai nuna sifili ko dab da shi. Gishirin miya kuma a bar shi a kicin. Gishirin tanki haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magnisiyam da sauran abin da murjani ke gina jikinsa da shi. Kusan giram 35 ake zubawa a lita ɗaya, a dama a durom da ƙaramin famfo ya kwana, a auna da ma'aunin gishirin ruwa ya ba da 1.025 zuwa 1.026. Ana canza kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako ko mako biyu.

Ga wani abu da yake kashe tankuna a garin nan, musamman da hunturu. Iska a bushe take, ruwa yana tsotsewa da sauri, amma gishiri ba ya bin sa. Wanda ya ga ruwa ya ragu ya ƙara ruwan gishiri, to ya ƙara wa tankinsa gishiri ne bisa gishiri. Ruwan daɗi tsantsa na matatar RO/DI ake cikawa da shi, kullum. Ku yi alama a jikin gilashin, ku nuna wa yaron gida inda ruwa zai tsaya.

Zafi shi ne babban abokin gabarmu. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a watan Afrilu Kano takan haura 40. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ke sarrafa haske su ciyar da shi, su ne kuma suke ba shi yawancin launinsa. Idan ruwa ya daɗe a kusan digiri 30, sai murjanin ya kore su, ya yi fari fat, ya shiga yunwa. Abin da ke faruwa ke nan a gaɓar tekun Ostireliya a shekarun tsananin zafi, kuma zai faru a falonku cikin 'yan kwanaki. Don haka mai shirin kafa tanki ya sa kuɗin na'urar sanyaya ruwa cikin lissafi tun farko, ko ya ajiye tankin a ɗakin da AC ba ta mutuwa. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, sai dai tana ƙara tsotse ruwan. In abu ya ɓaci, a daskarar da ruwa a gora, a rufe ta gam a jefa ciki. Kada a zuba ƙanƙarar kasuwa kai tsaye. Daren hunturu kuma sai da hita.

Sai wuta. Mutane sukan damu da fitilar tanki, alhali murjani zai jure kwana biyu a duhu. Famfon da ke juya ruwan tanki ne ba ya jira: ruwa ya tsaya 'yan sa'o'i cikin zafi, iskar shaƙa ta ƙare, a wayi gari da asara. Ku haɗa famfunan da inbata ko sola, ko da fitilar za ta zauna a kan layin gari. Gaskiya wanda ba shi da wannan hali gara ya fara da kifin ruwan daɗi, muna da su, kuma ba abin kunya ba ne.

Hajiyoyinmu, a yi mana afuwa: turaren wuta da maganin sauro na fesawa a yi nesa da su daga ɗakin tanki. Na'urar da ke tace datti da kumfa iskar ɗakin take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Hannu mai man shafawa ko sabulu ma kada ya shiga.

Idan lokacin zuba kifi ya yi, shawararmu a fara da kifin kilawun (ƙaramin kifi mai ruwan lemo da farin zane) guda biyu, irin wanda aka haifa a tanki, da murjani mai laushi mai juriya. Irin su Acropora, murjani mai ƙashin dutse, sai tanki ya kai shekara yana zaune lafiya. Wasu nau'in murjani mai laushi da ake kira zowantid suna da dafi mai haɗari ga mutum, a sa safar hannu, kuma kada a taɓa tafasa dutsen tanki da sunan wanke shi. Murjani masu ƙashin dutse suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, ba sa ƙetare iyaka sai da takardar izini, shi ya sa nasu kuɗin ya fi, kuma ba ma karɓar wanda ba shi da takarda komai arhar sa. Maganin cutar farin ƙurji ta kifi mai sinadarin tagulla yana kashe murjani da jatan lande, a tankin killacewa kawai ake amfani da shi.

Waɗanda suka riga suka ba da kuɗin kifi, kifinku yana nan a wurinmu, za mu ci gaba da ciyar da shi ba tare da ƙarin ko sisi ba har ruwanku ya nuna. Wanda ya fi son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Ruwan awo a zuba shi a kwalba mai tsabta wadda ba ta taɓa ganin sabulu ba, a kawo a ranar da aka ɗebo. Ranar Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci muke buɗewa.

Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Mai shago da yaransa