Wasiƙa Zuwa Ga Abba A Ingila

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya taso mu gaba.

Mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ka gaya mata a waya, wai tsohon Baturen da kake haya a gidansa ya zage ka, ya ce maka blackguard don kai baƙar fata ne. Kwana ta yi tana kuka. Ni kuwa da ta maimaita mini kalmar da irin nata lafazin, shiru na yi. Shekara 31 ina riƙe da alli ina koyar da Turanci, na san kalmar nan sarai.

Baƙin da ke cikinta ba na fata ba ne, na tukunya ne. Tun wajejen 1530, zamanin Sarki Henry na Takwas, haka ake kiran yaran madafa a gidajen sarautar Ingila, masu kankare tukwane da ɗaukar gawayi. In sarki zai tashi daga wannan fada zuwa waccan, tare da tukwane da kasake ake loda su a amalanke, can a ƙarshen ayari, jiki duk baƙin tukunya. Sai aka riƙa yi musu ba'a, ana cewa ga baƙaƙen dogarai nan tafe. Daga baya sunan ya koma kan yaran da ke gararamba a titunan Landan da masu goge takalma, har a ƙarni na 18 ya zama zagi ga mutumin da ba shi da amana, ba shi da kunya. Turawan ma ba sa furta ta yadda take a rubuce, bilagad suke cewa, kuma yanzu da wuya ka ji ta sai a bakin tsofaffi. Masu hali haka suke a ko'ina, sunan talaka suke mayarwa zagi. Kalmar villain ma, wato mugu, asalinta manomi ne mai aiki a gonar ubangidansa. Mu ma ai muna cewa baƙauye.

Da a ce don wanke-wanken da kake yi a gidan abinci ya kira ka haka, wallahi ni zan fara rama maka. Mai sunanka, Allah Ya jiƙansa, da kankare tukunyar Bature a bariki ya saya mini littattafan firamare, bai taɓa sunkuyar da kai a kan haka ba.

Amma ɗan gidan Hajiya Kande da ke can ya gaya wa ubansa wani labari daban. Hayar wata uku Baturen yake bin ka. Ka kwashe kayanka da tsakar dare, ka jefa masa makulli ta ƙofa, ka toshe lambarsa. Sai da ya biyo ka har bakin makaranta sannan ya faɗi kalmar. Haka aka yi ko ba haka ba?

Ba bashin ne ya hana ni barci ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma an bi ni. Fitar daren nan ce. Kawunka Ilu ma da dare ya fita, kuma ka san sauran. Duk na juya a kan gado sai in gan ka da jaka a hannu kana sanɗa kan matakala don kada tsoho ya farka. Wanda ƙafarsa ta koyi sanɗa ba ya tsayawa a kan haya. Sannan ka ɗauki waya ka sa uwarka kuka, ka laɓe a bayan launin fatarka. Akwai waɗanda ake wulaƙanta su da gaske a ƙasar nan saboda fata, ba a arar kukansu a rufe kunyar kai. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ban sayar da gonar fadama don ka koyo mini wannan ba. Ana cewa na cika tsanani, har yau ana goranta mini dukan da na yi maka a kan canjin naira 20. To, irin wannan ranar nake gudu.

Na san ina da nawa laifin. Tun da naira ta faɗi a 2023, abin da nake aikowa ba ya kai ka ko'ina, takardar zamanka kuma awa 20 kaɗai ta yarda ka yi aiki a mako. Ka ji nauyin tambayata, ni kuma ban tambaye ka ba.

Ka koma wurin mutumin nan da rana tsaka. Ka ƙwanƙwasa, ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri, ku rubuta yadda za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. In ya sake faɗar kalmar, ka haɗiye. Na sa a kai raguna biyun nan kasuwa ranar Laraba, kuɗin zai iso maka.

Mahaifiyarka ba ta san wannan ɓangaren ba, kai za ka gaya mata da bakinka. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni za ka kira, ba ita ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Mahaifinka.