A yi maganar kuɗi kafin a kama hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke ɓata zumunci idan abokai ko 'yan'uwa suka haɗu za su ziyarci wani birni, wato rabon kuɗin da aka kashe tare. Kunya ce ke hana a yi maganar tun da wuri, sai an dawo gida a shiga ƙorafi.

Tun kafin a biya ko sisi, a ware kuɗin da ke kan kowa daga na mutum shi kaɗai. Masauki da motar da aka shiga tare na kowa ne. Tsaraba da tikitin wurin da mutum biyu kawai suka shiga, wannan na masu shi ne. A zaɓi ma'aji ɗaya, kowa ya ba shi kasonsa tun kafin tafiya, a ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai don abin da ba a zata ba. Idan aka bar mutum ɗaya yana biya daga aljihunsa da sunan za a mayar masa, shi ne zai koma mai bin bashi, yana jin nauyin tambaya.

Masauki ne ya fi jawo rigima, domin ba kowa ke kwana daidai ba. A raba shi bisa kwanan kowane mutum. Misali, mutum biyar sun kama gida a kan 900 na kwana huɗu, amma ɗaya kwana biyu kawai zai yi. Huɗu sau huɗu 16, a ƙara 2, kwana 18 ke nan. A raba 900 gida 18, kowane kwana ya kama 50. Mutum huɗun su biya 200 kowannensu, shi kuma 100. Wanda ya ɗauki babban ɗaki shi kaɗai, a amince da ƙarin da zai biya tun kafin a shiga. A kuma tambayi masaukin ko akwai harajin baƙi, domin birane da yawa suna karɓarsa daban, a kan kowane mutum a kowane dare.

A yanke tun farko cewa wanda ya fasa tafiya bayan an biya kuɗin da ba a mayarwa, kasonsa yana kansa, sai in ya kawo wanda zai maye gurbinsa.

Kowane abu da aka saya a rubuta shi a ranar: wa ya biya, nawa, don su wa. Manhajoji irin su Splitwise da Tricount suna yin wannan lissafi, amma takarda da biro ma sun wadatar. In tafiyar ta ƙetare ce kuma na'urar kati ta ba da zaɓi, a biya da kuɗin ƙasar da ake ciki, canjin da na'urar ke yi yakan fi tsada. A rufe lissafi a daren ƙarshe, kowa na zaune, rasiɗai na hannu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku