Rahoton Ayyukan Shekara: Nema wa 'Yan Uwanmu da Suka Fito Daga Gidan Yari Aiki

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, ga rahoton bana.

Taron wata-wata an yi shi, ban da na watan azumi da aka ɗage. Fuskokin da ake gani dai su ne na bara.

Zan fara da kuɗin wata, domin a nan ciwon yake. Ko rabin sunayen da ke cikin littafi ba su biya cikakke ba, akwai ma waɗanda tun da aka rubuta sunansu ba su taɓa ba da ko sisi ba. Ni da Ma'aji mun bi gida gida, mun bi har bakin gona. Wani ya ce sai ya yanke shinkafa, aka yanke, ya ce sai ya sayar. Wani da ya hango mu sai ya sake hanya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, waɗanda ba sa biyan su ne suka fi kowa tambaya a WhatsApp, wai ina aka kwana a kan shago.

To ga inda aka kwana. Shagon ɗinki da walda da muke ginawa yana nan a linta, babu rufi. Lissafin da muka yi kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya rushe, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kwano da katako suka bi sahu. Ɗan abin da ya rage kwamiti ya ga gara a biya wa yaranmu da suka fito daga gidan yari kuɗin mota zuwa Kano, da na hoto, da na gyaran lambar NIN, maimakon a zuba a bulo biyu. Rasit yana hannun Ma'aji, duk mai shakka ya zo ya duba.

Neman aikin ofis bai yi mana daɗi ba. Dokar 2019 ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, kuma gaskiya wasu na fitowa daga na Kurmawa da Goron Dutse a Kano da sana'a a hannu, ɗinki ko kafinta ko walda. Amma fom bai sauya ba. Ɗaukar 'yan sanda da soja sharaɗi ne kada kotu ta taɓa samun mutum da laifi, kamfanoni da yawa kuma sai sun ga takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Na zauna da wani yaro muna cike fom na aikin gadi, yana rubutu tiryan-tiryan, da ya zo layin da ake tambaya ko an taɓa ɗaure shi sai ya ajiye biro, ya ce, "Baba, me zan sa?" Na ce ya sa gaskiya, domin a ƙauye babu abin da ke ɓuya, gara mai aiki ya ji daga bakinsa. Ku riƙe wannan kuma ku faɗa wa iyaye: wanda ya yi zaman jiran shari'a aka sallame shi ba tare da hukunci ba, ba mai laifi ba ne a doka. Mafi yawan mutanen da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Irin wannan yaron ya adana takardar sallama ta kotu, ita ce hujjarsa.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne zaman da aka yi a ƙofar gidan Dagaci bayan kaka. Mun gayyato masu injin gyaran shinkafa daga Kura, da dillalan tumatir na Kwanar Gafan, da manoman rani na Kadawa. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, mata suka kawo kunun zaƙi. Liman ya yi nasiha a kan tuba da rufin asiri, wuri ya yi tsit. Sai wani Alhaji mai inji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na ƙin yaro don ya sha ɗauri. Tambayata ɗaya ce, wa zai tsaya masa?" Kafin Dagaci ya amsa, wani dattijo daga cikinmu ya miƙe ya ce shi zai tsaya wa ɗan maƙwabcinsa, ya dangwala yatsa a takarda nan take. Wasu suka biyo baya. A ranar aka ɗauki wasu aikin shanya da ɗinkin buhu, wani ya samu lodin kwando, biyu aka ba su aron fili su yi noman rani a raba amfani. Mahaifiyar ɗayansu ta zauna a bayan zaure tana ta kuka tana sa albarka. Har yau babu wanda aka kawo mana ƙararsa. Allah ya saka wa Dagaci da Liman da alheri.

Wannan zaman ya nuna mana cewa mai tsayawa shi ne abin da yaran nan suka fi rasa. Amma 'yan tsirarun dattawan nan su ne ke tsaya wa kowa, kuma nauyin ya yi musu yawa. Akwai mambobi masu shago, masu babur, masu gona, da ba su taɓa ɗaukar ko ɗan aike ba. Matan da suka fito kuwa ba mu yi musu komai ba, saboda kwamitin mata bai zauna ba tun bayan babbar sallah.

Taro na gaba yana nan Juma'ar farko ta wata mai zuwa, bayan La'asar, a inda aka saba. Kowa ya zo da bashinsa a hannu. Za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba, kuma za a buɗe littafin masu son tsaya wa yara.

Sakatare